Wace ƙaramar motar iyali zan saya ta hannu idan kuɗina kaɗan ne?

Malam, ka rubuto cewa kai magidanci ne mai mata da yara uku, ƙaramin cikinsu har yanzu a kujerar jarirai yake zama. Kana neman hacbak ta hannu, wato motar nan mai ƙofa biyar wadda but ɗinta ke haɗe da wurin zaman fasinja. Yawancin zirga-zirgarka gajera ce, kai yara makaranta da zuwa wurin aiki, sai doguwar tafiya jefi-jefi. An nuna maka motoci uku: Volkswagen Golf ta 2010 mai inji 1.4 TSI da giyar otomatik irin ta DSG, Ford Focus ta 2013 mai fetur da giya otomatik, da Toyota Auris ta 2009 mai inji 1.6 da giyar hannu, wadda ta fi sauran biyun cin kilomita. Biyun farko za su lashe duk abin da ka tara, ta ukun kuwa za ta bar maka canji. Ka ce zuciyarka tana kan Golf ɗin, amma kana son jin ta bakin wanda ya san mota.

Na shafe shekaru masu yawa ina kwance injuna da akwatunan giya, kuma amsata a gajarce ita ce: idan Auris ɗin ta tsallake binciken da zan bayyana maka nan gaba, ita za ka ɗauka. Na san ba haka ka so ji ba. Golf ta fi ta daɗin zama, ta fi ta shiru a kan hanya, ƙofarta ma in ka rufe sai ka ji nauyinta a hannu. Amma bari in faɗa maka dalilina dalla-dalla, domin ko da waɗannan ukun sun kuɓuce maka, ka san abin da za ka nema a ta huɗu.

Kuskuren da na fi gani wajen masu sayen mota shi ne tsayawa a kan suna. Golf tana da kyau? Focus tana da ƙarko? Sunan nan ɗaya yana lulluɓe motoci iri-iri. A shekara guda kamfani kan fitar da mota ɗaya da injuna biyar ko shida da akwatunan giya kala uku, wasu su yi shekara goma sha biyar ba a buɗe cikinsu ba, wasu kuma su fara jan mai su zuwa gareji tun suna da sauran ƙuruciya. Don haka duk motar da aka nuna maka, tambayarka ta farko ita ce wane inji ne a cikinta, kuma wace irin giya ce. Ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne injin fetur mai silinda huɗu wanda ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, girmansa tsakanin lita 1.4 da 1.8, haɗe da giyar hannu ko otomatik irin ta da, mai aiki da man giya da konbata. Wanda ya sayi motar sabuwa yana da garanti a bayansa, duk abin da ya lalace kamfani ya biya. Kai kuwa za ka gaje ta ne bayan garantin ya daɗe da ƙarewa, kuma kowane ƙarin sashe da aka ɗora wa inji don ya ƙara gudu ko ya rage shan mai, shi ma yana tsufa, kuma daga aljihunka za a gyara shi.

Mu fara da giya, domin nan ne motoci biyun da suka ja hankalinka suke da rauni iri ɗaya. DSG ta Volkswagen da PowerShift ta Ford, duk da cewa feda biyu za ka gani a ƙasa kamar kowace otomatik, a cikinsu giyar hannu ce mai kuloci biyu, kwamfuta ce ke taka maka su. Ɗaya kulocin yana riƙe da giya ta ɗaya, ta uku, ta biyar, ɗayan yana riƙe da ta biyu, ta huɗu, ta shida. A buɗaɗɗiyar hanya abin sai son barka, canjin giya kamar ƙiftawar ido, ga tsimin mai. Akwai masu kuloci da ke iyo cikin mai, akwai busassu, kuma busassun su ne abin tsoro. A cikin cunkoson motoci, inda ake matsawa taku biyu a tsaya, kulocin yana ta gogawa yana ɗaukar zafi ba abin da zai sanyaya shi. Daga nan sai karkarwa lokacin tashi, sai fizga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, wata rana kuma mota ta ƙi shiga giya gaba ɗaya. Irin tuƙin da ka ce kana yi kullum, gajere cikin gari, shi ne daidai abin da waɗannan akwatuna ba sa so.

Golf ta 2010 mai 1.4 TSI tana zuwa da DSG mai giya bakwai, busasshiya, wadda ake kira DQ200. Bayan kulocin, akwai wani kunshi da ya haɗa kwamfutar giyar da famfon mai wuri guda, shi ma yakan mutu, kuma gyaransa sai ƙwararre mai na'ura. A 2013 kamfanin da kansa ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 1.6 masu wannan giya domin a canza irin man da ke cikinta. Focus ta 2013 mai fetur kuma, otomatik ɗinta ita ce PowerShift mai giya shida, ita ma busasshiya. A kanta masu motoci suka haɗu suka kai ƙara kotu a Amurka, a Ostareliya kuma kotu ta ci tarar kamfanin dalar ƙasar miliyan 10 a 2018 saboda yadda ya bi da koke-koken waɗanda suka saye ta. Ba na ce kowace ɗaya za ta lalace ba, akwai masu tuƙa su shekara da shekaru lafiya lau. Amma mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka a mota ba shi da hurumin gwada sa'a a kan sashen da gyaransa zai iya cinye kaso mai tsoka na kuɗin motar.

Injin Golf ɗin ma akwai magana a kansa. TSI 1.2 da 1.4 na wancan zamani suna amfani da sarƙar taimin, mai daidaita motsin bawul da fistin, wadda ya kamata a ce ta rayu tsawon rayuwar inji, amma an san su da miƙewar sarƙa da sanyin abin da ke ɗaure ta. Alamarsa ita ce ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu idan aka tayar da inji da sanyin safiya. In aka yi sakaci sarƙar ta tsallake haƙori, bawul ya haɗu da fistin, to an shiga babban aiki. Da Golf ta bakwai, wato zubinta na bakwai, ta fito a 2012, an sake fasalin waɗannan injuna aka koma bel, abin ya yi sauƙi sosai. Tunda muna kan wannan, ga wani abu da za ka iya cin karo da shi a kasuwa: injuna masu silinda uku irin su 1.0 EcoBoost na Ford da 1.2 PureTech na Peugeot, waɗanda bel ɗin taimin ɗinsu ke gudu a cikin baƙin mai. Idan aka zuba man da ba nasu ba, ko aka jinkirta juye, bel ɗin yakan fara marmashewa, ɓurɓushin ya toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai yana cikin tafiya. Motar hannu wadda ba ka san irin man da aka riƙa zuba mata ba, ga irin wannan inji, ni dai ba zan kai iyalina cikinta ba sai da takardun sabis cikakku.

Don kada in zalunci sunayen nan biyu, kowanne yana da 'ya'ya na gari. Golf ta biyar da farkon ta shida akwai mai inji 1.6 na gargajiya, mai doki 102, ba turbo, ba wani dogon surkulle. Ba ta da zafin gudu, tana ɗan shan mai, amma in ana canza mata bel a kan kari sai ka gaji da ita. Focus ta tsakanin 2004 da 2011 mai fetur 1.6 ko 1.8 da giyar hannu ita ma mota ce mai amana, kuma a ajinta samun wadda ta kai ta daɗin sitiyari da riƙe kwana sai an tona. Ko Focus ta 2013 ɗin nan, da a ce mai 1.6 ce da giyar hannu, da maganata ta canza.

Yanzu Auris. Ita ce ta gaji Corolla hacbak a kasuwar Turai daga wajen 2007, kuma a ƙarƙashin fatarta Corolla ce. Injinta 1.6 sarƙa yake amfani da ita, irin wadda ba a cika jin kukanta ba muddin ana juyen mai. Ba turbo, kuma fetur ɗinsa ta hanyar iska yake shiga, ba kai tsaye cikin silinda ba, don haka bawul ba ya tara dattin gawayi kamar na injunan zamani. Abin da na fi gani a kanta ƙanana ne, irin su yoyon famfon ruwa da ƙwanƙwasa a sandar sitiyari. Cikinta ba ƙyale-ƙyale, robar dashbod ɗinta mai tauri ce, ba wanda zai waiwayo ya kalle ka a hanya. Amma da safe za ta tashi. Gargaɗi ɗaya: akwai Auris da Corolla na wancan lokaci masu giyar da ake kira MMT, wadda dillali zai ce maka otomatik ce. Giyar hannu ce da aka sa wa injin lantarki yana taka kuloci, tana fizga, kuma gyaranta ba sauƙi. Ka bar ta. Idan kuɗin ya ƙara ja baya, Corolla hacbak ta 2002 zuwa 2007 tana nan, sai dai ka fi karkata ga na ƙarshe-ƙarshe, domin injunan shekarun farko an san su da shan baƙin mai. Inda motocin Amurka suka fi yawa kuma, Toyota Matrix da tagwayenta Pontiac Vibe su ne madadin. Vibe sunanta ne kawai na Pontiac, inji da giya duk na Toyota ne. A cikinsu ka zaɓi 1.8, domin 2.4 na 2009 zuwa sama yakan sha mai idan ya tsufa.

Honda Civic hacbak ta 2006 zuwa 2011 mai 1.8 i-VTEC tana kafaɗa da kafaɗa da Auris a wajena, har ta fi ta wurin kaya. An sa tankin manta a ƙarƙashin kujerun gaba, sai baya ya samu fili, kujerun baya suna naɗewa su kwanta, ko a ɗaga mazauninsu sama a tsayar da dogon kaya. Aibinta shi ne tana da tauri a hanya mai gargada, gilashin baya kuma an raba shi biyu, ganin baya sai an saba. Ita ma na farko-farkonta akwai masu giyar i-Shift, 'yar'uwar MMT, sai a 2009 aka sa wa 1.8 otomatik ta gaske mai giya biyar. Honda Jazz, wadda ake kira Fit a Japan da Amurka, tana da wannan dabara ta kujeru kuma ba ta da ci, amma ga yara uku a baya ta yi ƙunci.

Kada ka raina Hyundai i30 da Kia Ceed na 2007 zuwa sama. 'Yan gida ɗaya ne, injinsu na fetur 1.4 da 1.6 mai sarƙa ne mai sauƙin hali, kuma da yake sunansu bai kai na Toyota tsada a bakin dillalai ba, sau da yawa kuɗin da zai ba ka tsohuwar Auris zai ba ka i30 da ta fi ta ƙuruciya. Mazda 3 ta 2013 zuwa sama mai 2.0 mota ce da nake girmamawa, babu turbo, otomatik ɗinta ta gargajiya ce mai giya shida, sai dai wataƙila ta fi ƙarfin aljihunka. Mazda 3 ta farko kuwa, ta 2003 zuwa 2009, ka duba tsatsa a bakin tayoyin baya kafin komai. Idan kuma wurin kaya ne babbar damuwarka, Skoda Octavia hacbak ce duk da tana kama da salun. But ɗin ta 2013 lita 590 ne, na Golf ta bakwai kuwa 380. Sai dai inji da giyarta na gidan Volkswagen ne, don haka duk abin da na faɗa a sama ya hau kanta.

Dizal kuwa, ka manta da shi. Motocin dizal na wajen 2009 zuwa sama suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda sai an yi doguwar tafiya inji ya yi zafi sosai take ƙone tokar da ta tara. Da gajerun tafiye-tafiyenka toshewa za ta yi, ga nozul da turbo masu tsada suna jira.

Mai haɗin fetur da lantarki magana ce daban. Auris ta samu irin wannan tun 2010, da tsari iri ɗaya da na Toyota Prius, kuma a cikin gari babu mai kama ta wajen tsimin mai. Ba ta da kuloci, ba ta da kik irin na sauran motoci, birkinta yana daɗewa. Abin lura shi ne babban batir ɗinta, wanda zafi ne maƙiyinsa, kuma fankar da ke sanyaya shi takan toshe da ƙura. In akwai mai gyaran da ya san su kusa da kai, wanda zai sa na'ura ya karanta lafiyar batir ɗin kafin ka biya, to abin dubawa ce. In babu, ka tsaya a kan fetur zalla.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba wani jerin motoci da zai gaya maka. Mota mai ƙarko a wata ƙasa tana iya zama ƙaya a wata, idan babu kayan gyaranta ko wanda ya iya ta. Kafin ka biya, ka taka da ƙafarka zuwa wurin masu sayar da kayan mota na inda kake, ka tambayi abu huɗu na motar da kake so: kuloci, famfon ruwa, shokozoba da fitilar gaba. Wadda aka ɗauko maka kayanta nan take, a shago fiye da ɗaya, ita ce taka. Wadda aka ce sai an yi oda, ka yi tunani sau biyu.

Batun kuɗi kuma, kada ka kashe duka a kan saye. Shawarata ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka tara, ka ɗauka ba ka da shi. Babu motar hannu da ba ta zuwa da buƙata a watannin farko, domin mai sayarwa ya daina kashe mata kuɗi tun ranar da ya yanke shawarar rabuwa da ita. Wannan kaɗai ya isa ya fifita Auris ɗin, tunda ita ce za ta bar maka abin sayen taya da batir. Yawan kilomitarta kuma kada ya firgita ka. Motar da ta yi kilomita dubu 200 a doguwar hanya ana juye mata mai a kan lokaci ta fi wadda ta yi dubu 90 cikin gari ba kulawa. Lambar da ke kan mita ma ana iya juya ta baya, shi ya sa nake duba abin da ba ya ƙarya: robar feda, santsin sitiyari, gefen kujerar direba, kan sandar giya. Mita ta ce dubu 80 amma feda ta cinye har ƙarfe, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Ranar dubawa, ka je da kanka, da rana tsaka, da makanikenka wanda kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Cinikin biri a sama ba ya yi a mota. Ka roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin ku iso, kuma da isarka ka ɗaga bonet ka kai hannu kusa da inji ka ji ko da ɗumi. Wani magidanci ya taɓa kawo mini motar da ya saya kwana uku da suka wuce, yana cewa ranar ciniki shiru take kamar sabuwa. Sau biyu ya je ganinta, sau biyun ya tarar an riga an ɗuma ta. Da muka tayar da ita da safe a gabansa, ƙarar sarƙa da shuɗin hayaƙi suka fito tare. Na ji zafin abin a raina ƙwarai, domin kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne, kuma minti biyar da inji mai sanyi da sun cece shi.

Kafin a tayar, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Fitilar inji, ta birkin ABS, ta jakar iska da ta mai, dukkansu dole su kama, sa'annan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. Sai ka koma baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, galibi gaskit ya ƙone. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Ɗan tururi da safe ba komai ba ne. Ka buɗe murfin zuba mai ka duba ko akwai wani abu fari-fari mai kauri a jikinsa, ka leƙa robar ruwan lagireto tun inji na sanyi. Ruwa mai launi, tsaftatacce, alama ce ta mai kula. Ruwan famfo mai tsatsa ko mai maiƙo a sama yana ba da labarin inji da ya sha zafi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

A sa na'urar karanta kwamfutar mota, ko ƙaramar nan da ake haɗawa da waya ta isa. Kada a tsaya a kan cewa babu lambar matsala. Kwamfutar tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma in aka goge matsaloli jiya, za ta nuna cewa gwaje-gwajen ba su kammala ba. Ganin haka ya isa ka tambayi abin da aka goge.

Jiki kuma a nan ake ɓoye haɗari da ambaliya. Ka tsuguna a kusurwar mota ka kalli gefenta a tsaye, fentin da aka sake yakan yi ɗan gargada ko ya bambanta da na kusa da shi. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da gefe, ta zama daidai hagu da dama. Kusoshin da ke riƙe da bonet da ƙofofi, in fentinsu ya kankare an taɓa kwance su. Ka ɗaga safaya taya ka duba ramin, a nan ake ganin lanƙwasa da walda idan an taɓa bugun motar ta baya. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka ɗaga kafet, ka shinshina. Layin laka a bel, ko tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera, ko warin danshi da aka danne da turare, duk alamun motar da ruwa ya ci ne, kuma irin wannan wayoyinta ba sa daina ba da wahala. A ɗaga ta sama a duba ƙasa. Tsatsa a fatar ƙofa ado kawai ta ɓata, amma tsatsa a shasi da inda ƙafafu suke kamawa ta taɓa lafiyar iyalinka. Fenti a kan bamba ko ƙofa ɗaya ba ya hana ni sayen mota, sai dai in nemi ragi. Shasi da aka miƙe kuwa, ko kyauta aka ba ka ka yi godiya ka wuce.

Sai tuƙi, aƙalla minti ashirin, rediyo a kashe. A giyar hannu, ka sa ta huɗu kana tafiya a hankali ka taka totur sosai. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama, ƙarar ƙas-ƙas na nufin shaf ya ci. Gurnani mai ƙaruwa da gudu yawanci boris ɗin taya ne. Ka taka birki da ƙarfi inda babu kowa, ka ga ko za ta ja gefe ko sitiyari ya yi rawa. Da kun dawo kada a kashe ta, a bar ta tsaye da na'urar sanyaya ɗaki a kunne minti goma, ido a kan allurar zafi, kunne a kan fanka.

Tunda motar iyali ce, akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu. Ka tafi da kujerar jaririnka da yaran biyu ku gwada zama, domin hacbak da yawa ba sa ɗaukar kujerar jariri da yara biyu a jere cikin walwala, kuma gara ka gano haka kafin biya. Ka laluba tsakanin mazauni da majingina ko akwai ƙarafan ISOFIX na maƙala kujerar, ka tabbata mazaunin tsakiya yana da bel mai ratsa kafaɗa, ba na ƙugu kaɗai ba. Ka tambaya ko tana da na'urar hana sulɓewa a kwana, wadda Toyota ke kira VSC, wasu kuma ESP. Sai a ƙarshen 2014 ta zama dole a kan duk sabuwar mota a Tarayyar Turai, don haka a motar 2009 tana iya kasancewa, tana iya rashin kasancewa. Sa'annan batun jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka yi wa kiranye mafi girma a tarihin motoci, ya shafi Toyota da Honda da Mazda da wasu da dama na waɗannan shekaru. Sinadarin da ke hura jakar yakan lalace da zafi da danshi, ya tarwatsa ƙarfen da ke riƙe da shi zuwa fuskar mutum. Ka ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka sa a shafin intanet na kamfanin motar ka ga ko tana cikin kiranyen kuma ko an canza.

Wannan lamba dai ita za ka gwada a ƙasan gilashin gaba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da cikin takardu, su zo ɗaya harafi da harafi. Ka tabbata mai sayarwa yana da ikon sayarwa, babu bashi a kan motar, kuma ka nemi makulli biyu, domin yanka sabo mai kwamfuta ba arha ba ne.

Idan Auris ɗin ta tsallake duk wannan ka biya, makon farko ka juye baƙin mai da matatarsa, ka canza matatar iska, ruwan lagireto da man birki, ko da an rantse maka jiya aka yi. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Auris 1.6 ba ta da bel ɗin taimin, amma in ka ƙare da wata mai bel kuma babu takardar da ta nuna ranar da aka canza shi, ka canza shi tare da famfon ruwa kafin doguwar tafiyarka ta farko. Tayoyi kuma ka karanta shekarunsu a gefe, lambobi huɗu ne a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida ka sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba, wadda ta fara tsattsagewa a gefe kuma ka cire ta kafin ka ɗauki yara. In kuɗin bai kai na huɗu ba, ka sayi biyu masu kyau ka sa su a baya, domin tayar baya ce ke hana mota juyawa da kai idan hanya ta jiƙe.